ASA 5505 a matsayin ruter: saƙo yana fita, amsa ba ta dawowa

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, ina gaida manya da ƙanana. Ina Tahoua, ni ke kula da kwamfutocin wata ƙaramar cibiyar koyon sana'a. Yau kwana uku wani akwati ya hana ni barci, shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Ga yadda abin yake. Muna da bokis guda na kamfanin da ke ba mu intanet, adireshinsa 192.168.1.1, kuma kowa a kansa yake: kwamfuta 18 na ɗakin ɗalibai, guda 6 na buro, firinta, da salular duk wanda ya samu kalmar sirrin wifi. Makon jiya wata ɗaliba ta same ni ta ce, Malam, ga wani fayil nan ina gani cikin rezo, an rubuta albashi a kansa. Ba ta buɗe ba, Allah ya yi mata albarka. Da na kai wa darakta maganar sai da ya miƙe tsaye. Ya ce a raba buro da ɗakin ɗalibai kafin ƙarshen wata.

Kuɗin sabon kaya babu. Cikin kabad dai munka tarar da Cisco ASA 5505, akwatin katangar tsaro na rezo, da wani aikin tallafi ya bari lokacin da sunka tashi, har da cajarsa da shuɗiyar wayar konsol. Na goge ƙurar, na share tsohon saitin, na yi wannan:

interface Vlan1, nameif inside, security-level 100, ip address 192.168.10.1 255.255.255.0
interface Vlan2, nameif outside, security-level 0, ip address 192.168.1.2 255.255.255.0
Ethernet0/0 na sa shi cikin vlan 2, na ja waya zuwa bokis
route outside 0.0.0.0 0.0.0.0 192.168.1.1

Daga cikin ASA ɗin in na yi ping 8.8.8.8 yana amsawa sarai. Daga kwamfutar buro kuwa 192.168.10.1 kaɗai ke amsawa. Bokis shiru, intanet shiru, ko 192.168.1.2 da ke jikin akwatin shiru. Ni ba katangar tsaro nake nema ba, ban iya dokokinta ba. So nake ya zama ruter kawai, ya ɗauki saƙo daga nan ya miƙa can. Ta ina ake kashe masa tsaron nan gaba ɗaya?

Mai Wifi Zon:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Gaskiya ɗaya zan faɗa maka, ka mayar da shi kabad. Ka aiko a saya maka ƙaramin MikroTik hEX a nan Yamai, a sa maka a motar safe, kafin isha yana hannunka. Ƙofa biyar, duka gigabit, minti goma ka gama da Winbox, manhajar saita shi. Zon uku nake riƙe da su, da shi nake aiki.

Ɗan Konni:
Ka rubuta access-list permit ip any any ka liƙa a ƙofofin biyu, magana ta ƙare.

Ɗan Ader:
Aboki na gwada wannan tun jiya da dare. Na liƙa ciki, na liƙa waje, babu abin da ya canza. Maigida Mai Wifi, na gode, amma ko jikka biyar na nema yanzu sai an yi zama a kanta.

Tsohon Injiniya:
Ɗana, sannu da ƙoƙari. Saitinka ba shi da kuskure a abin da ka rubuta, saura ne bai cika ba. Kafin mu ci gaba ka buga show version ka turo mana layi uku: lambar sigar da ke ciki, layin Inside Hosts, da layin VLANs. Akwai dalilin da ya sa nake tambaya.

Abu ɗaya kuma ka cire daga ranka tun yanzu. Daga ciki ba za ka taɓa samun amsar ping na 192.168.1.2 ba. ASA ba ya amsawa da ƙofar da ke nesa da kai, sai wadda kake tsaye a gabanta. Haka aka gina shi. Na ga masu aiki da yawa sun kwana a kan wannan gwaji suna zaton akwatin ya lalace.

Ɗan Ader:
Baba na gode ƙwarai. Wallahi rabin dare na yi a kan wanga ping ɗin. Ga abin da ya nuna: siga 9.1, Inside Hosts 10, VLANs 3 DMZ Restricted.

Tsohon Injiniya:
To madalla. Lasisin tushe ke nan. Ka riƙe lambar nan 10 a ranka, za mu dawo kanta.

Ƴar Filato:
Sannunku. Ƙanena, bari in tambaye ka abu guda, ka yi tunani kafin ka amsa. Kwamfutar buro mai lamba 192.168.10.11 ta aika saƙo. ASA ya karɓa, ya duba teburinsa, ya miƙa wa bokis. Bokis ya fitar, amsa ta dawo hannun bokis, a jikinta an rubuta a kai wa 192.168.10.11. To wa ya gaya wa bokis inda gidan 192.168.10 yake?

Ɗan Ader:
Yaya... babu wanda ya gaya masa.

Ƴar Filato:
Ita ce matsalarka. Bokis abu biyu ya sani a duniya: unguwarsa ta 192.168.1, da babbar hanyar da ta nufi kamfani. Duk adireshin da bai gane ba, babbar hanya yake tura shi. Amsarka tana isowa ƙofar gida sai a sake kora ta waje, can kuma a zubar da ita, don lambobin 192.168 na cikin gida ne, ba sa yawo a intanet.

Kamar ka ba direba saƙo a tashar Tahoua ne ya kai Yamai. Ya kai lafiya, an ba shi amsa, ya dawo da ita tasha. Amma kai a sabuwar unguwa kake wadda ba wanda ya san sunanta a tashar. Laifin ba na mai gadin gidanka ba ne, takardar ba ta ma iso ƙofarsa ba. Shi ya sa dokar da Ɗan Konni ya ba ka ba ta yi komai ba: ka buɗe ƙofa ga baƙon da bai san hanyar gidan ba.

Ping ɗin da kake yi daga cikin ASA yana tafiya ne saboda da lambar 192.168.1.2 yake fita, ita kuwa bokis ya san ta, maƙwabciyarsa ce.

Ɗan Konni:
Hajiya kin yi gaskiya, na yi gaggawa. Ban kalli ɓangaren dawowa ba.

Ƴar Filato:
Ba komai, kowa ta nan ya bi. Mafita biyu ce. Ta farko, ka shiga shafin bokis ka nemi wurin da ake ƙara tsayayyar hanya da hannu, galibi yana ƙarƙashin saitin rezo na ƙwararru. Ka rubuta masa: 192.168.10.0, mask 255.255.255.0, a bi ta 192.168.1.2. Wannan shi ne aikin ruter na gaskiya da kake nema, kowace kwamfuta tana tafiya da lambarta.

Ta biyu, in bokis ɗin bai da wannan wuri, sai ASA ya ɓoye buro duka a bayan lambarsa:

object network BURO
subnet 192.168.10.0 255.255.255.0
nat (inside,outside) dynamic interface

Da haka bokis ba ya ganin kowa sai 192.168.1.2, ba ya buƙatar sanin wata unguwa. Ka fara da ta farko. Kuma ka tabbata 192.168.1.2 ba ta cikin lambobin da bokis ke rabawa da kansa, kar wata rana ya ba salular wani ɗalibi ita.

Ɗalibin Rezo:
Gafara dai manya, ni koyo nake. A aji an ce mana ASA ba ya barin komai ya wuce sai an yi NAT, wato fassarar adireshi. Yaya kuma Anti ta ce ana iya yi babu shi?

Tsohon Injiniya:
Malaminka bai yi ƙarya ba, tsohon zance ne ya ba ku. A zamanin PIX, wanda ASA ya gada a 2005, haka abin yake, sai da fassarar adireshi saƙo ke wucewa. Daga baya aka mayar da shi zaɓi da umarnin nat-control, sannan daga siga 8.3 aka cire umarnin ɗungurungum. A 9.1 da ke hannun ɗan uwanka, in babu dokar NAT saƙo yana wucewa da lambarsa ta asali. Ka lura da wannan in kana karatu a intanet, don rubutun NAT na kafin 8.3 da na bayansa ba su yi kama ba ko kaɗan. Wanda ya kwafo tsohon ya liƙa a sabon, akwatin ƙin karɓa zai yi.

Ɗan Ader:
Alhamdu lillahi! Na samu wurin a bokis, na sa hanyar, shafuka suna buɗewa a kwamfutar sakatariya! Yaya Allah ya saka da alheri, ya raya zuri'a. Sai dai ping 8.8.8.8 daga buro har yanzu ba ya amsawa tun da na cire dokokin jiya. Intanet na tafiya, ping ba ya tafiya. Wanga kuma mene ne?

Tsohon Injiniya:
Nan ne za ka fara gane halin abin da ke hannunka. Ruter ba ya tuna komai. Ƙunshi ya zo, ya duba inda za shi, ya tura, ya manta. ASA kuwa mai gadi ne da littafi a hannu. Duk wanda ya fita daga ciki sai ya rubuta: wane ya fita, ta ƙofa kaza, zuwa wuri kaza. In amsa ta zo ya duba littafin, in ta dace da abin da ya rubuta ya bari ta shiga. TCP da UDP yana rubuta su tun daga farko. ICMP, wanda ping ke amfani da shi, ba ya rubutawa sai ka ce masa ya yi. Don haka amsar ping tana zuwa ya ga baƙuwa ce daga mataki 0 (security-level na waje) tana son shiga mataki 100 (na ciki), ya hana ta. Ka ƙara wannan:

policy-map global_policy
class inspection_default
inspect icmp

Game da tambayarka ta farko kuwa, babu maɓalli guda da ke kashe littafin nan a ASA. A pfSense, wata katangar tsaro ta daban, akwai wurin da ake dannawa a dakatar da tace saƙo baki ɗaya, NAT ma ya tafi tare da shi. A ASA abin da ya fi kusa shi ne ka ba ƙofofin biyu mataki ɗaya, ka rubuta same-security-traffic permit inter-interface. Sai saƙo ya riƙa wucewa ta kowane ɓangare ba tare da doka ba. Ko a hakan yana nan yana rubutu, kuma in ya ga rabin zancen TCP bai ga farkonsa ba zai jefar. Ko a traceroute ba ya nuna kansa sai an sa shi.

Ɗan Ader:
Ping ya amsa Baba. To bari in yi wancan na mataki ɗaya, don akwai sarba a buro mai darussa da ɗalibai ke buɗewa ta burawuza, 192.168.10.20. Yanzu sun daina ganinta, gobe da safe kuma akwai aji.

Tsohon Injiniya:
Dakata ɗana. Na faɗa maka umarnin ne don ka san yana nan, ban ce ka yi ba. Me ya kai ka buɗe kabad tun farko?

Ɗan Ader:
Fayil ɗin albashi.

Tsohon Injiniya:
To in ka daidaita matakan biyu, yarinyar nan ba za ta ga sunan fayil ɗin cikin jerin rezo ba, saboda shelar da kwamfutoci ke yi wa juna ba ta tsallake ruter. Amma duk yaron da ya rubuta lambar kwamfutar kontabul da hannunsa zai shiga kamar da. Cikin ɗalibai 18 masu koyon kwamfuta, kana ganin za a rasa wanda zai gwada? Sai ka gaya wa darakta an raba, shi ya kwanta da daɗin rai, alhali labule ka rataya a inda ya ce a gina bango. Wannan ya fi halin da kuke ciki da muni, don a da kowa ya san a buɗe yake.

Abin da kake tsoro layi biyu ne kacal:

access-list DAGA_WAJE extended permit tcp 192.168.1.0 255.255.255.0 host 192.168.10.20 eq 80
access-group DAGA_WAJE in interface outside

Ma'anarsa: ƴan ɗakin ɗalibai su je wurin sarba, ta ƙofa 80 kaɗai. Duk abin da ba ka ambata ba a rufe yake, ba sai ka rubuta ba. Ka kula, a ASA mask ɗin yadda ka saba shi ake rubutawa, ba a juya shi kamar a ruter na Cisco.

Mai Wifi Zon:
Baba da girmanka, ni fa ban gamsu ba. Yaron nan ruter ya ce yana so, kuna koya masa tuƙin tirela don ya kai buhu ɗaya kasuwa. Kuma akwatin nan an daina sayar da shi tun 2017, tallafinsa ya ƙare a 2022. Babu sabon gyara da zai zo masa. Ƙofofinsa megabit 100 ne. Ranar da cajarsa ta ƙone, volt 48 ce mai baki na daban, ko a kasuwar Katako ta Yamai sai an yi sa'a. Ta yaya za a ɗora tsaron albashin mutane a kan abin da mai shi ya sallama?

Ƴar Filato:
Maganarka tana da ƙarfi, Malam, ban musa ba. Da a ce zai sa shi ne kai tsaye a bakin intanet da lambar waje, ya kunna VPN a kansa, ni ce ta farko da zan hana shi. Amma dubi inda yake zaune: bayan bokis, babu mai iso shi daga waje, aikinsa raba ɗaki biyu a gini ɗaya. Abin da ya rage shi ne kar ya bar ssh ko shafin sarrafawa a buɗe ta ɓangaren ɗalibai, daga buro kaɗai. Megabit 100 kuwa, kwamfuta 6 masu rubuta takardu da lissafi ba za su cika shi ba.

Sannan ko MikroTik ɗin ya saya, tambayar da na yi masa ɗazu tana nan tana jiransa. Bokis ba zai san hanyar 192.168.10 ba don an canza akwati. Bambancin kawai, saitin da hEX ke zuwa da shi yana yin NAT da kansa, sai abu ya yi aiki mutum bai san dalili ba. Na fi son ya sha wahalar kwana uku ya gane, da ya gama a minti goma ya zauna cikin duhu.

Mai Wifi Zon:
Hajiya a kan hanyar dawowa na yarda. A kan caja ban janye ba.

Tsohon Injiniya:
Kar ka janye, gaskiyarka ce. Ɗana, ka sa shi bayan ondiler, kar ka haɗa shi da soket kai tsaye, musamman lokacin da wuta ke dawowa da ƙarfi. Abu ɗaya da ke taimakonsa a ƙasarmu, 5505 ba shi da fanka, ba ya zuƙar ƙurar hunturu kamar manyan. Amma saboda haka ne yake son iska. Kar ka mayar da shi cikin kabad ka rufe, kar ka ɗora takardu a kansa. Zafin Afrilu da Mayu na Ader ba sai na ba ka labari ba. Kuma ka rubuta wa darakta a takarda cewa wannan na wucin gadi ne, a sa kuɗin sabo a kasafin baɗi. In Mai Wifi ya ce hEX, ban ƙi ba.

Ɗan Konni:
Tambaya a gefe. Mu nan Starlink muke da shi a wurin aiki. Wannan dabarar ta tsayayyar hanya za ta yi?

Ƴar Filato:
Ruter ɗin Starlink ba shi da wurin ƙara hanya da hannu. Ko dai ka bi mafita ta biyu, akwatinka ya yi NAT, ko ka sa na Starlink a yanayin tsallakewa daga manhajarsu, naka ya zama shi ne babba. Ka sani kuma a tsarin da aka fi saya lambar da za ka samu ta rukunin 100.64 ce, wadda ake rabawa tsakanin masu amfani da yawa, don haka shigowa daga waje wani zance ne daban.

Ɗan Ader:
Na sa layi biyun. Na je ɗakin ɗalibai da kaina, na zauna a kwamfuta ta ƙarshe kusa da taga. Darussa sun buɗe. Na rubuta lambar kwamfutar kontabul, ta yi ta juyawa har ta gaji, ba ta shiga ba. Na koma buro na tura takarda zuwa firinta da ke 192.168.1.50, ta fito. Baba, Yaya, ban san da bakin da zan gode muku ba.

Ƴar Filato:
Madalla. Abu ɗaya ka sa wa ido. Saƙon ɗalibi zuwa sarba yana bi ta bokis sannan ASA, amma amsar daga ASA take zuwa wurin ɗalibin kai tsaye, tunda unguwarsu ɗaya. ASA yana ganin tafiya da dawowa, ba ruwansa. Bokis ne ke ganin rabi. Wasu ba su damu ba, wasu kuma suna yanke haɗin in an ɗan jima. In ka ga babban fayil yana tsayawa a tsakiya, ka sa wa kwamfutocin ɗaliban hanyar 192.168.10.0 ta 192.168.1.2 a jikinsu, da route -p add, su daina zagayawa ta bokis.

Ka kuma koyi packet-tracer. Kana ba shi ƙofar shiga, lambar mai aikawa da ta mai karɓa, sai ya nuna maka mataki mataki inda saƙon zai wuce da inda za a tare shi. Da shi za ka daina zargin akwatin a kan abin da ba shi ya yi ba.

Ɗan Ader:
Jama'a na dawo, kwana biyu bayan wancan. Abu biyu sunka faru.

Na farko, shekaranjiya da la'asar anka ɗauke wuta, ta daɗe har ondiler ya mutu. Da ta dawo, ping daga buro ya daina amsawa, ɗalibai kuma sun daina ganin sarba. Na jona konsol na tarar layin icmp da dokar sarba duk babu su, sai saitin ranar farko. Ban yi write memory ba bayan gyaran da munka yi. Na koma saman zauren nan na bi saƙonninku ɗaya bayan ɗaya na sake rubutawa, na adana, na kashe shi da hannuna na kunna don in tabbata ya riƙe.

Na biyu shi ne ban gane ba. Jiya da yau, wajen ƙarfe goma na safe, sai kwamfuta ɗaya ta rasa intanet alhali ta kusa da ita tana aiki. Jiya ta sakatariya ce, yau ta kontabul. Tana samun lamba, tana ping ɗin 192.168.10.1, amma ba ta fita. In an jima sai ta dawo da kanta. Na canza waya, na canza ƙofa, duk ɗaya.

Tsohon Injiniya:
Ka tuna lambar da na ce ka riƙe? Buga show local-host ka ƙidaya na ɓangaren ciki. In rajista a kunne take, ka duba ko akwai saƙo mai lamba 450001.

Ɗan Ader:
Akwai shi Baba, yana cewa an wuce iyakar 10. Amma mu kwamfuta 6 ne da sarba, 7 ke nan. Ina sauran sunka fito?

Mai Wifi Zon:
Duba ƙarƙashin tebura. Na rantse akwai ƙaramin wifi da wani ya jona.

Ɗan Ader:
Maigida ka gani kamar kana wurin. Akwai wani ƙaramin akwatin wifi a ofishin darakta, tun da can yana nan don siginar bokis ba ta kai can. Da na mayar da wayoyin buro kan ASA, tasa wayar ma ta biyo. Salular ma'aikata duka ta nan suke shiga, na ƙidaya guda 8.

Tsohon Injiniya:
To ka ga lissafin. Lasisin tushe yana barin na'ura 10 na ciki su yi magana da waje a lokaci guda, kuma waje a wurinsa shi ne ƙofar da babbar hanya ta bi. Na waje ba ya ƙidaya su, shi ya sa ɗalibanka 18 ba su dame shi ba. Da safe ma'aikata suna isowa, salula suna kama wifi tun daga bakin ƙofa kafin a kunna kwamfutoci, su cinye guraben. Wanda ya zo na 11 ya tsaya har wani ya yi shiru gurbinsa ya faɗi. Akwai lasisin 50 da marar iyaka, amma ga akwatin da aka daina sayarwa ban ba ka shawarar bin wannan hanya ba.

Ka cire wayar wifi ɗin daga ɓangaren buro ka kai ta ɓangaren bokis. Ba sai ka ja sabuwar waya ba: ƙofar da take ciki a jikin ASA, ka ce mata switchport access vlan 2, ta koma waje. Wannan ma ya fi maka. Salular da ke kwana a gida, yara suna wasa da ita, ana tura mata kowane irin fayil, ba ta da abin yi a ɗaki ɗaya da kwamfutar albashi.

Ɗalibin Rezo:
Baba, me zai hana a buɗe vlan na uku don salula kaɗai, tunda an ce 3 ne?

Tsohon Injiniya:
Ana iya buɗewa, amma na ukun a wannan lasisi sai an hana shi fara magana da ɗaya daga cikin biyun, da no forward interface. Wannan ba matsala ba ce a nan, har ma ya dace. Matsalar ita ce salular za su koma cikin ƙidayar 10 ɗin da zarar sun nufi intanet. Ka ga ba a tsira ba.

Mai Wifi Zon:
Wannan iyakar ce ta sa na ce a mayar da shi kabad tun ranar farko. Amma tunda 7 ne kuma an fitar da salula, zai riƙe ku zuwa baɗi in Allah ya so. Ɗan uwa, ranar da kuɗin ya fito ka yi mini magana, zan je da kaina in duba maka na gaske, don akwai jabu a kasuwa. Saitin ma zan taya ka, kuma wannan karon da dokar sarba a ciki.

Ɗan Ader:
Na gode maigida, zan neme ka. Na mayar da Ethernet0/5 vlan 2, wifi ɗin darakta yanzu 192.168.1 yake rabawa. Show local-host yana nuna 7 a ciki. Na yi write memory, na kwafe saitin duka na ajiye a kile, na buga kofi ɗaya a takarda na sa a fayil ɗin darakta tare da wasiƙar neman sabon akwati. Na samo farin salatif na liƙa a kowace waya na rubuta inda ta nufa, akwatin kuma na ɗora shi kan shiryayye inda iska ke bugawa.

Darakta ya tambaya ko zai iya buga takarda daga salularsa kamar da. Na gwada a gabansa ta fito, tunda yanzu ita da firinta ɓangare ɗaya suke. Gobe ƙarfe goma zan zauna kusa da kwamfutar kontabul in gani.

Ƴar Filato:
Ka turo mana abin da ka gani. In ta sake yankewa, kar ka taɓa komai, ka fara ɗauko show local-host na wannan lokacin.